Yatsa Huɗu a Ƙafar Wando, Ɗaya a Bakin Siket

Na daɗe ina ɗaga wannan rubutu. Littafin da nake yi a cikinsa tun damina biyu da suka wuce na saye shi, na rubuta bisimilla a shafin farko, na rufe, na cusa shi ƙarƙashin tarin ƙyallaye. Abin da ya riƙa riƙe mini hannu shi ne, ni iyakata aji shida na firamare, kuma maganar da zan yi ta taɓa makarantar sakandare, wadda ban taɓa shigarta ba sai da ƙunshin kaya a ka. Na ji tsoron kar masu ilimi su ce tela ya tsoma baki a abin da ba nasa ba. Na ji tsoron kuma kar in ɗauki alhakin wani ba da niyya ba, shi ya sa ba zan kama sunan makaranta ko na malami ba. Amma akwai wani siket da ke rataye a shagona a Mararaba yau shekara huɗu, kuma na gaji da yi wa masu shigowa bayaninsa ɗaya bayan ɗaya.

Sunana Isiyaku, sana'ata ɗinkin kayan makaranta. A layinmu ba mai kirana da sunan nan. Baba Auna-Uku ake ce mini, domin ba na sa almakashi a yadi sai na auna sau uku. Yaran yanzu da ke koyon ɗinki a waya, wata uku su buɗe shago su rubuta sunansu da Turanci a allo, sukan ce mini, "Baba, yunifom ai ba ɗinki ba ne, layi ne kawai ka bi." Ba na musu da su. Babu aiki a wuya, babu duwatsu masu ƙyalli, ba mai ɗaukar sa hoto. Sai dai kayan biki ana ɗinka wa mutum ne yadda yake a ranar da ya zo. Yunifom kuwa ana ɗinka wa yaron da bai iso ba tukuna. Wanda ke tsaye gabanka ɗan shekara goma sha huɗu ne, wanda zai cire kayan a ƙarshe ɗan sha bakwai, kuma ba ka san tsawonsa ba, ba ka san ma ko zai zo ba. Wannan ba a koya shi a waya.

A Uke na koyi aiki, garinmu, wajen wani dattijo Oga Yohanna, mai ɗinka wa makarantun wajen. Kayan aikinsa ba su da yawa: baƙin keke mai ƙafa, tef ɗin da lambobinsa suka fara gogewa, alli, reza ta farke ɗinki, dutsen guga na gawayi, da almakashi guda wanda duk wanda ya yanka takarda da shi ranar ba zai ci abincin rana a shagon ba. Shekarata ta farko ban hau keke ba. Hura gawayi, sa maɓalli, goge ɗinki. A ta biyu ya fara ba ni kalmasa, wato naɗe bakin ƙafar wando ko bakin siket a ɗinke. A cikin kalmasar nan ake ɓoye rarar yadi, yadda in yaro ya ƙara tsawo za a farke a sako masa. Mu a shagon ajiya muke ce wa wannan rara.

Ranar da ya fara nuna mini, ya shimfiɗa wando da siket a kan tebur, ya ɗora hannunsa a ƙafar wandon.

"Isiyaku, buɗe kunnenka. Namiji, ajiya yatsa huɗu. Mace, ɗaya."

Na ce, "Oga, ai ita ma tana girma."

Ya ce, "Tana girma mana. Amma ba a cikin yunifom ba."

Kar wani ya ɗauka mugun mutum ne. 'Ya'yansa mata biyu ya sa su makaranta da kuɗin keken nan. Abin da idonsa ya gani shekara da shekaru ya faɗa: wando yana dawowa a sako shi sau biyu, sau uku, har ya koɗe ya koma kan ƙane, siket kuwa da wuya ya dawo. Yadi kuma ba kyauta ake ba da shi ba. Ni ma ban ƙara tambaya ba. Damuwar da ta kama ni daban ce: yatsun Oga kauri gare su kamar rogo, nawa kuma sirara. Sati guda ina tunanin ko huɗuna ya kai huɗunsa. Daga ƙarshe na yanke wa kaina cewa wando zan riƙa ba shi biyar, don kar in cuci ɗan wani. Siket ban yi masa wannan lissafin ba. Ɗaya ai ɗaya ne, ko da yatsan wa aka auna.

Da na dawo Mararaba na kama shago, na tarar da jama'a kala-kala, amma uwa ɗaya ce a ko'ina. Bagwariya mai kaya a kafaɗa, matar ɗan sanda daga Filato, Hajiya mai sayar da atamfa, madam mai aikin ofis da ke tashi tun asuba don ta tsallake cunkoson shiga gari, duk maganarsu guda: "A yi masa babba, zai girma a ciki." Yaron kuma yana bayanta yana yi mini alama da ido kar in yarda. Bayan sati biyu sai ya dawo shi kaɗai da wandon a jaka, ya ce a tsuke masa ƙafa ta zama fensir. Ina tsukewa, amma ba na yankewa. Naɗe rarar nake yi a ciki, in ɗinke da zare mai sauƙin farkewa, domin na san uwar tana tafe, kuma ta fi shi murya.

'Ya mace kuwa ba na sa mata tef da hannuna. Uwarta ko yayarta ke riƙewa, ni ina daga gefe ina karanta lamba. Kowane yaro yana da shafinsa a littafin awo: suna, aji, ƙugu, tsawo. In ya dawo a sako masa, in ƙara layi a ƙasa. Littattafan nan sun kai goma a cikin akwati. Da na taɓa zama na buɗe su, da na ga cewa shekaru sun yi nisa da shafukan mata suka fara tara layi biyu, uku, uwa tana mita ina ƙara ƙyalle a ƙugu, shafukan maza kuwa da yawa layi ɗaya ne, sai fari har ƙasa. Ban buɗe ba. Mutumin da ke auna yaro sau uku bai taɓa ƙirga yaran ko sau ɗaya ba.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina ta zo ne da fuskar alheri. Wata makaranta a bayan kasuwa ta ba ni ɗinkin 'yan aji huɗu gaba ɗaya, wato masu tsallakowa daga ƙaramar sakandare zuwa babba. A ajin nan ne maza ke barin gajeren wando su shiga dogo, mata kuma su shiga siket mai ninki. Aka kawo mini bandir-bandir na wani shuɗi mai duhu da makarantar ta sa aka kawo mata musamman. Na nemi jerin sunaye, shugaban ya ce, "Baba, sai an dawo hutu muke sanin wanda ya dawo. Kai dai ka san aikinka, ka yanka ka ajiye, kar a yi mana layi." Na san aikina kuwa. Na yi lissafin Oga Yohanna: cikin kowane uku, wando biyu, siket ɗaya. Na auna sau uku, na yanka. Yankan ya yi kyau, ban taɓa yin mai tsafta kamarsa ba.

Ranar Litinin da aka koma makaranta, layin 'yan mata da iyayensu ya fita daga shagon ya tsallake kwata. Kafin azahar siket ya ƙare. Wanduna kuwa suna nan a jere, gogaggu, kamar sojojin da aka manta da su a fareti.

Na riƙa tambayar duk wanda ya shigo, ina yaran nan maza? Wani uba mai gadi a unguwar Gwarinpa, can cikin gari, ya ce nasa yana bin masu sa tayil a sababbin gidaje, ya faɗa yana murmushi, ba alamar an yi rashi. Wata ta ce nata ya samu mai ba shi keke mai ƙafa uku yana ja da yamma, yanzu yammar ta cinye safiyar. Wani yana gyaran waya a ƙarƙashin gada. Da yawa kuma, in ji iyayen, sun tafi ramin zinariya. Na ce a ina? Aka ce Uke. Garinmu, inda aka koya mini cewa namiji ne ke gama makaranta.

Yadin da ya rage bai kai ko rabin siket ɗin da ake nema ba, makarantar kuma ta ce wanda ya kawo mata ba shi da saura. Sai na shiga matsi. Na rage wa kowane siket ninki ɗaya. Na rage faɗin ƙugu. Ajiya kuwa, wadda dama yatsa ɗaya ce, ta koma farce. Na gaya wa kaina ba komai, siket ai ba ya dawowa.

Siket na ƙarshe da ya fita daga yadin nan na wata yarinya ne, Ladi. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Ɗanladi, ranar Lahadi aka haife su. Uwarsu, wadda kowa ke kira Maman 'Yanbiyu, Bagwariya ce mai gasa masara da doya a mahaɗar hanyar da ke ƙasa da mu. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa a bakinta "shi" ne. Ranar awo ta shigo ta sauke kwandonta daga kafaɗa, ta tura su gabana.

"Oga Tela, wannan biyu rana ɗaya na haife su, amma kai guda ɗaya aka ba ni." Ta dafa Ladi. "Shi ne wannan. Wancan ƙafa ne kawai."

Ɗanladi ya ce, "Mama, ƙafa ce ke kawo abinci gida."

"Rufe mini baki. Ka kawo, mu gani."

Uwar ta riƙe tef, ni ina karantawa. Da na ce a sake a karo na uku, Ladi ta ce, "Baba, ashirin da shida ne ɗazu, ashirin da shida ne yanzu. Jira kake ya canja ra'ayi?"

Na ce mata awo ba abin wasa ba ne.

Ta ce, "Na sani. Ni ma awo zan karanta, amma na ƙasa. Masu ƙarfe mai ƙafa uku ɗin nan da suka zo suka leƙa gonar kakana, suka rubuta a takarda, gonar ta zama gidajen wasu. Ina so in san abin da suke gani a ciki."

Ɗanladi ya tafi da wando mai ajiya yatsa biyar a kowace ƙafa. Zango ɗaya ya sa shi, ya bi abokansa Uke. Ladi ta tafi da siket daidai gwiwa.

Ta gama aji huɗu a cikinsa lafiya. A aji biyar ta miƙe kamar dawa a watan Agusta. A shekarar kuma makarantar ta samu sabuwar mataimakiyar shugaba, mace mai tsari, wadda ta zo da nata ma'aunin da bai buƙatar tef: kowace yarinya ta durƙusa a bakin ƙofa, in bakin siket ya taɓa ƙasa ta shige, in bai taɓa ba ta koma gida. A matsayina na tela dole in ce dabarar tana da kyau. Ba ta kuskure.

Wata Talata da hantsi sai ga Maman 'Yanbiyu da Ladi, da leda a hannu. Saura sati uku a fara jarrabawar wucewa aji shida, kuma wanda bai rubuta ta ba, ba za a sa sunansa cikin masu jarrabawar fita ba, sai dai ya maimaita aji. Kowa ya san abin da maimaita aji yake nufi a gidan da ake ci daga kaskon masara.

Uwar ta ce, "Oga Tela, sun kore shi. Wai siket ya gudu sama. Ka sako masa ajiyan."

Na ɗauki reza. Na san abin da zan tarar, amma na farke a hankali, kamar wani zai iya zuwa ya ƙara yadi a ciki ban sani ba. Abin da ya sauko bai kai faɗin ashana biyu ba.

"Ina sauran?"

Na ce babu.

Ta zaro wandon Ɗanladi daga ledar, ta juya ƙafar, ta matsa kalmasar da yatsa. "To wannan fa? Me ya sa nasa ya yi kauri kamar katifa?"

Sai na faɗi gaskiya. Na ce haka aka koya mana, namiji huɗu, mace ɗaya.

Ta dube ni, ta dubi wandon. "Wanda ya koya maka, yana da rai?"

Na ce ya rasu.

"Allah ya ji ƙansa. Da na ce ya zo ya tsaya a ƙofan makaranta ya ƙirga."

Nan take na farke ajiyar wandon, na yanko, na haɗa ƙyallen ƙafa biyu, na ɗinka shi a bakin siket ɗin Ladi. Ta durƙusa a kan tabarmar shagon, ya taɓa ƙasa har da saura. Abin da ban so na gani ba, kuma na gani, shi ne siket ɗin ya sha wanki da rana shekara biyu ya koɗe, ƙyallen wandon kuwa yana ɓoye a ciki, shuɗinsa na nan kamar ranar da aka kawo shi.

Washegari ta dawo ita kaɗai. "Baba, Malama ta ce na sa wa yunifom ado. Ta ce in ta bar ni, gobe kowa zai zo da nasa kala biyu."

Na juya maganar ta kowane gefe, ban ga inda malamar ta yi ƙarya ba. Abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Na yanki ɗan ƙyalle na shiga kasuwa. Na zaga ta Mararaba, na je Nyanya, na shiga har Wuse. Na ga shuɗi ya fi kala goma, uku daga ciki in ba ka kara su da juna a rana ba, ba za ka bambance ba. Wani mai yadi ya ce, "Oga, ɗauki wannan mana, malaman nan na'ura ce a idonsu?" Duk wani tela a layinmu da ya ɗauka, ya ɗinka a yini ɗaya, yarinya ta koma aji ranar Juma'a. Ni na tsaya ina tunanin in aka kore ta karo na uku fa? Na dawo hannu wofi.

A hanya ne na tuna da buhun wandunan nan da ba a karɓa ba. Yadi ɗaya, kala ɗaya, ko ruwa ba su taɓa ba. Ga masu cewa yunifom layi ne kawai, ku gwada fitar da siket mai ninki daga wando. In ka farke ƙafar wando, tsiri biyu za ka samu, masu faɗi a sama, tsukakku a ƙasa, ga ramin aljihu ga lanƙwasar gaba. Sai ka miƙar da kowane tsiri, ka jera su, ka sa kowace mahaɗa ta faɗa cikin cikin ninki yadda ido ba zai gan ta ba. Wando uku ne ke ba da siket ɗaya. Na gaya wa Maman 'Yanbiyu kwana uku.

Ta ce, "To kafin nan bari ya je Gwarinpa ya riƙe wa ƙanwana shago, ya haihu, ba mai taimaka masa. Kwana uku ai ba komai."

A kwana na uku na gama, na ɗaga shi, na ga mahaɗa ɗaya ta leƙo daga ninki na baya. Na farke. A kwana na biyar na sake gamawa, na fita da shi rana, na ga tsiri biyu na juya su kai a ƙasa, saƙar yadin ta kwanta ta wani gefe, haske yana kama su daban. Ina tsaye da reza a hannu sai ga Ladi, ta biyo motar kasuwa daga Gwarinpa, tana sauri za ta koma kafin antinta ta neme ta.

Ta karɓi siket ɗin ta kara a jikinta. "Baba, ai ya yi. Ba ni haka nan."

Na ce, "Dubi nan. Kin ga wannan tsirin da wannan?"

"Ban ga komai ba."

"Malama za ta gani."

"Baba, gwiwa take dubawa, ba tsiri ba. Wallahi ba wanda zai duba."

Na ce, "Ni na duba. Ki dawo jibi, ki same shi yadda ba mai cewa uffan."

Ta yi dariya, ta ajiye shi a kan keke. "Baba Auna-Uku. To, jibi."

Jibi siket ya kammala, kuma ba na jin na taɓa ɗinka abin da ya fi shi. Ladi ba ta zo ba. Na jira kwana biyu, na gangara wajen uwar. Ta ce jaririn ba shi da lafiya, ƙanwarta tana asibiti da shi, shago ba zai zauna a rufe ba, amma in jarrabawa ta zo Ladi za ta dawo. Ta miƙo hannu in ba ta siket ɗin. Na ce gara dai Ladi ta zo ta gwada, ta durƙusa a gabana in tabbatar, don kar a sake jin kunya. Ina rubuta wannan ne yadda ya faru. Sati na gaba da na koma, an tashi masu sana'ar mahaɗar duka, ana faɗaɗa hanya. Inda kaskonta yake sai tarin tsakuwa.

Ranar da aka fara jarrabawa na sa siket a leda, na isa ƙofar makarantar tun kafin mai gadi ya buɗe. Na tsaya a tsallaken hanya kamar mai jiran mota. 'Yan mata suka yi layi, kowace ta durƙusa ta tashi ta kaɗe gwiwa ta shige. Maza suka riƙa zuwa ɗaiɗai, riga a waje, wando a tsuke ya tsaya sama da idon sawu, wani ma silifa ce a ƙafarsa. Na ji wani malami yana ce musu, "Ku dai ku shiga, ku shiga, mun gode Allah da kuka zo." Ban ga laifinsa ba. Abin da ya yi ƙaranci ba a korar sa. Na tsaya har aka kaɗa ƙararrawa aka ja ƙofa. Na dawo da ledata.

Na je Gwarinpa sau biyu. Wanda bai san wurin ba zai ce ai sai ka tambaya. Na tambaya. Na ce ina neman shagon ƙanwar Maman 'Yanbiyu, wadda ta haihu kwanan baya. Wani mai wankin mota ya ce, "Baba, a nan kowace ƙanwa tana da shago, kuma duk sun haihu kwanan baya." Na bi layi ya kai ni wani layi mai kama da shi, har la'asar ta same ni a inda na fara.

Bayan shekara guda da wasu watanni, ana saura kwanaki Kirsimeti, wani mashin ya tsaya a ƙofar shagona, jar ƙasa har kan madubinsa. Ɗanladi ne, da agogo da waya biyu, ya kawo shadda a yi masa kaftani.

Na ce, "Ina Ladi?"

"Tana nan ƙalau, Baba. Ta bar wajen anti, tana wani shago can ciki."

"Makaranta fa? Ta koma wata?"

Ya sosa ƙeya. "Ka san ban tambaye ta ba."

"Kai fa, an tambaye ka?"

"Ni ai kowa ya san inda nake."

Na sauko da siket ɗin na ce ya kai mata. Ya ja da baya yana dariya. "Haba Baba, in ɗaura siket ɗin makaranta a mashin, yaran ramin nan su gani? Zan gaya mata ta zo." Na buɗe tsohon shafinsa don in ƙara layi, na sa masa tef. Na auna sau uku. Tun daga aji huɗu Ɗanladi bai ƙara ko yatsa ɗaya a tsawo ba. Ya aiko wani ya karɓi kaftanin, ban sake ganinsa ba.

Ga abin da zan ce wa masu shigowa sana'ar nan. Ban san yadda abin yake a wasu garuruwa ba, abin da tef ɗina ya gani kawai nake faɗa. A nan, yaro namiji in zai bar makaranta, wani abu ne ke kiransa daga waje, ya fita ta babbar ƙofa rana tsaka, kuma kafin shekara ya dawo ya nuna maka agogo. Ba a nemansa, don an san inda yake. Yarinya kuwa ban taɓa jin wadda ta ce ta bari ba. Kwana uku ake ara a wurinta, kafin a gyara siket, kafin anti ta warware, kafin a samu mai riƙe shago. Ita ma ba a nemanta, don ai ba ta bari ba, jibi za ta dawo. Yanzu ba na yanka yadi sai na ga jerin sunaye da idona, kuma in yarinya ta ce in ba ta kayanta haka nan, ina naɗewa in ba ta, in juya baya don kar in ga tsirin. Wandunan da suka rage har yau ina rage su da kaɗan-kaɗan. Sun fi tafiya wajen masu gadi.

Roƙona ga duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, musamman mutanen Gwarinpa da masu zirga-zirga tsakanin Mararaba da Uke: in kun san wata Ladi, doguwa, Bagwariya, tagwaye da wani Ɗanladi, mai saurin lissafi da saurin baki, wadda uwarta ta taɓa gasa masara a Mararaba, ku taimake ni da labari. Ba sai kun gaya mini inda take ba, in ba ta so. Abu ɗaya nake son sani: ta rubuta jarrabawar a wani wuri, ko ba ta rubuta ba? In kun ga wata mace a bakin fili tana leƙa ƙarfe mai ƙafa uku tana rubutu a takarda, ku tambaye ta sunanta. Ku bar saƙo wajen kowane tela a layin bayan kasuwa, ku ce na Baba Auna-Uku ne, zai iso ni.

In kuma ita ce da kanta take karantawa: Ladi, siket ɗinki yana nan, ina goge shi duk farkon zango. Ba sai kin durƙusa ba, ki aiko kowa ya karɓa. In kin ƙara tsawo kar ki damu, akwai ajiya a ciki. Yatsa biyar ne.